Man kaɗe a ƙyallen harsashi, da yadda ake wanke bindiga mai ɗuri ta baki

"Assalamu alaikum Malam, dan Allah shawara nake nema. Ina zaune a jihar Ohio, bara na sayi bindiga irin wacce ake ɗurawa ta baki, kaliba 50 (wato faɗin cikin bututunta rabin inci), mai 'yar hula (ɗan murfin ƙarfen nan da ake bugawa ya kunna wa albarushi wuta), saboda farautar barewa ta watan Janairu. Matsalata biyu ce. In na yi harbi biyu ko uku sai harsashin ya ƙi sauka sai da kokawa, sannan ko na goge ta da mai washegari sai in ga jan tsatsa a jikin tsumma. Man bindiga na kanti nake shafa wa ƙyallen harsashin, da shi kuma nake goge cikin. Albarushin Pyrodex ne. Kakana a gida da man kaɗe da kitse yake kula da adakarsa, shin zan iya amfani da man kaɗe a wannan ɗin?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Toh in na fahimce ka da kyau abu uku ka haɗa a tambaya ɗaya, wato me za ka shafa wa ƙyallen da kake naɗe dalma da shi, da me za ka wanke cikin bututu bayan harbi, sannan me zai hana tsatsa in ka ajiye ta. Kuma gaskiya tushen wahalarka shine kwalba ɗaya ka ɗora wa ayyukan nan uku, alhali kowanne da abinsa. Ƙyalle kitse yake so ko man itace, wanki ruwa yake so, ajiya kuma ita ce ke son man nan na kanti da kake da shi. Man kaɗe zai yi maka aikin farko da kyau, amma ba zai yi na biyu ba, na ukun ma ban yarda da shi ba. Bari in bi maka su ɗaya bayan ɗaya dan ka san dalili, saboda in ka san dalilin ko wani mai ka tarar a kanti gobe za ka iya yanke hukunci da kanka.

Me yasa harsashi ke ƙin sauka

Baƙin albarushi irin na da, wanda ake haɗawa da gawayi da farar wuta da wani gishiri mai ba wuta iska, ba ya ƙonewa ƙurmus kamar albarushin harsasan zamani. Fiye da rabin nauyinsa ba ya zama iska, toka yake zama, wata ta fita a matsayin farin hayaƙin nan da ke rufe maka ido, wata kuma ta manne a bangon bututu. Tokar nan yawancinta gishiri-gishiri ne, kuma halinta biyu da ya kamata ka riƙe: tana zuƙar laima daga iska, sannan tana narkewa a ruwa. Pyrodex ɗinka kamfanin Hodgdon ya fito da shi a tsakiyar shekarun 1970 a matsayin madadin baƙin albarushi, mutane da yawa suna ɗauka wai tunda na zamani ne ba ya cin ƙarfe, wallahi yana ci, wasu ma za su ce maka ya fi na asalin ci, domin abin da yake bari a ciki akwai ɗan'uwan gishirin miya, kuma kai ma ka san abin da gishiri da laima ke yi wa ƙarfe.

To yanzu ka kawo man da aka tace daga ɗanyen man fetur, irin su man bindiga na kanti da man keken ɗinki da basilin da giris, ka haɗa shi da wannan toka a cikin zafin harbi, abin da zai fito wani baƙin ƙullu ne mai tauri kamar kwalta, harbi na farko ya shimfiɗa shi, na biyu ya ƙara, na uku kuma hanyar ta riga ta tsuke. Abin da ke faruwa da kai kenan. Kitsen dabba da man itace ba sa yin haka, su laushi suke sa tokar ta yi, ta yadda in ka tura harsashi na gaba ƙyallen zai share ta ya gangara da ita ƙasa. Mutane suna zaton ana shafa mai a ƙyalle ne dan harsashi ya yi santsi ya fita da gudu, a'a, babban aikinsa shine ya hana toka bushewa, ya kuma kare ƙyallen daga ƙonewa.

Kafin in wuce nan dole in tsaya a kan abu ɗaya dan shi ne mai hatsarin. Duk ranar da harsashi ya maƙale maka a tsakiyar bututu, kar ka kuskura ka ce bari in harba ya fita. In akwai sarari tsakanin albarushi da dalma bututun na iya kumbura ko ya fashe a hannunka. Ka cire hular tukunna, ka ɗiga ruwa kaɗan ta baki ya jiƙa tokar, ka jira 'yan mintuna sannan ka sake turawa har ya zauna, in ya ƙi sai ka ciro shi da kusar nan mai murɗi da ake ɗaurawa a kan sanda, ko ka hure shi da 'yar tukunyar iskar gas da ake sayarwa dan wannan aikin. Kuma ka yi wa sandar ɗurinka alama guda biyu, ɗaya in bututu babu komai, ɗaya in an ɗura yadda ya kamata, kullum ka duba alamar kafin ka sa hula.

Batun man kaɗe da 'yan'uwansa

Naɗe dalma a ƙyalle mai maiƙo tsohuwar dabara ce. Bindigar da ke da tsagi mai murɗewa a ciki tana buƙatar harsashi ya kama tsagin kafin ya juya, in kuma ka yi dalmar daidai da faɗin bututu ba za ta shiga ta baki ba sai da guduma, shi yasa aka rage ta kaɗan aka cike gurbin da ƙyalle. Maƙeran Jamus da suka zauna a yankin Lancaster ta Pensilbaniya a ƙarni na 18 su suka yaɗa doguwar bindigar nan ta Amurka, in ka ga tsofaffinsu a gidan tarihi za ka ga ɗan akwati a jikin ƙota, nan ake ajiye ƙyallaye da kitse, wasu ma rami kawai aka yi aka cusa kitsen a ciki. Abin da suke da shi suke amfani da shi, kitsen barewa, kitsen rago, man dabbar daji, kakin zuma, masu hali kuma man kifin nan whale wanda yanzu doka ta hana cinikinsa a Amurka tun shekarun 1970. Kaga kenan kakanka da man kaɗensa da kitsensa a kan hanya ɗaya suke da waɗancan.

Ni ina amfani da man kaɗe, kuma na gamsu da shi a lokacin kaka da farkon sanyi. Yana narkewa ne a wajajen zafin jikin mutum, dan haka da ka murza shi a yatsa ya shige cikin zare, kuma tokar da yake bari mai laushi ce. Amma da sharuɗɗa. Na farko, ɗanyen man kaɗe irin wanda ake kawo mana tsaraba daga gida sau da yawa akwai sauran ruwa da tsaki a ciki, sai ka narka shi a wuta kaɗan-kaɗan, kar ya yi hayaƙi, ka bar shi ya kwanta, ka tace da tsumma mai tsabta ka zubar da na ƙasan. Wanda ya daɗe ya fara ɗoyi ko tsami kar ka sa a bindiga. Na biyu, kar ka sayi wanda aka yi dan shafawa a jiki mai turare, ana iya gauraya shi da basilin ko wani man fetur ɗin, ka koma gidan jiya kenan.

Na uku shine wanda ya fi shafarka kai da kake Ohio, wato sanyi. Farautar masu ɗuri ta baki a wurinku farkon Janairu ake yi, maƙwabtanku na Pensilbaniya ma tasu ta masu ƙyastu washegarin Kirsimeti take farawa, kuma a irin wannan sanyin man kaɗe zalla daskarewa yake ya yi tauri, ƙyallen ya sandare, ga yatsunka sun ƙage, ga barewa ka harba kana son ɗuri na biyu da sauri, sai kaga abin ya gagara. Abin da nake yi shine in haɗa shi da man zaitun rabi da rabi dan sanyi. Lokacin zafi kuma akasin haka, narkewa yake yi ya bi jaka, ya kuma iya tsiyaya ya jiƙa albarushin da ke ƙarƙashin harsashi, sai in ƙara masa kakin zuma kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin biyar, tunda shi kaki sai zafi ya haura digiri 60 a ma'aunin Celsius yake narkewa. Wannan awon nawa ne, ba wai doka ba ce. Hanya mafi sauƙi ta gwadawa ita ce ka shafa wa ƙyallaye biyu-uku ka bar su a waje su kwana cikin sanyi ko ka jefa a firiza, da safe ka lanƙwasa, in ya lanƙwasu salin alin toh ya yi, in ya yi ƙyam ka ƙara man zaitun.

Kitsen rago ko na sa shima yana da kyau sosai in an soya shi an tace, kuma ba ya saurin lalacewa, amma ka tabbata babu gishiri ko kaɗan a ciki, dan haka kitsen da ya rage a kaskon suyar layya wanda aka barbaɗa wa gishiri da magi bai yi ba, man shanu na kanti mai gishiri ma haka. Man gyaɗa zai yi maka na yini ɗaya amma in ya daɗe danƙo yake yi. Manja ban ba ka shawara ba.

Sai kuma abin da ya shafe mu a matsayinmu na Musulmi. Da yawa daga cikin haɗe-haɗen da maharban Amurka ke yi a gida akwai kitsen alade a ciki, dan shi ya fi musu arha, saboda haka in abokin farauta ya miƙo maka gwangwaninsa ka tambaye shi me ya sa a ciki, ba za su ji haushi ba, su ma suna son a tambaye su su yi ta bayani. Na kanti kuma ka karanta jikin kwalin. Wannan magana ba yau ta fara ba, a 1857 sojojin Indiya Musulmi da Hindu da ke ƙarƙashin Turawan Ingila sun yi bore, kuma cikin abin da ya kunna wutar akwai labarin da ya bazu cewa takardar harsashin sabuwar bindigar Enfield da kitsen alade da na saniya aka shafe ta, ga shi kuma da haƙori soja yake yage takardar kafin ya ɗura.

Akwai masu jiƙa ƙyalle da yawu kawai, kuma a filin gwaji inda za ka ɗura ka harba nan take yana aiki abin mamaki, dan ruwa ne, yana narka toka. Amma ba na farauta bane, in ya zauna awa biyu-uku bushewa yake, a sanyinku kuma ƙanƙara zai zama, sannan yana iya bar maka zoben tsatsa daidai inda harsashin ya zauna. In za ka yi ma ƙyallen kaɗai za ka sa a baki, dalma guba ce, kar ta taɓa bakinka, ka kuma wanke hannu kafin cin abinci.

Cikin na kanti wanda nake ajiyewa kullum shine Ballistol, man Jamus ne da aka ƙirƙiro wa sojojinsu tun 1904. Shi asalinsa daga man ƙasa yake amma ya fita daban, dan yana gauraya da ruwa ya zama fari kamar madara kuma ba ya yin ƙullun nan da toka. Ana haɗa kashi ɗaya da ruwa kashi shida ko bakwai a jiƙa ƙyalle a filin gwaji. Masu neman harsashi ya faɗa rami ɗaya kuma sukan tsoma doguwar tsagar yadi a wannan haɗin su shimfiɗa ta a kwance ta bushe, ruwan ya tafi ya bar mai ɗan kaɗan daidai wa daida a ko'ina, sai dai wannan sai kana goge bututu bayan kowane harbi. Mayukan kanti na Bore Butter da Wonder Lube su ma suna aiki a ƙyalle, amma a sanyi tauri suke yi, kuma maganar da ake yaɗawa wai in kana shafa su ba ka wankewa sosai ƙarfen zai sha mai ya daina tsatsa, kar ka ɗauka. Ƙarfen bututun zamani ba ya shan komai, abin da ke taruwa tsohon mai ne da toka, tsatsa kuma tana cin ta a ƙarƙashi ba ka gani.

Ƙyallen kansa

Wani lokaci laifin ba na mai bane kaɗai. A kaliba 50 abin da aka fi farawa da shi shine dalma mai faɗin .490 na inci da ƙyalle mai kaurin .015, in kuwa an sayar maka da .495 ka haɗa da ƙyalle mai kauri toh ko da wane mai ne za ka sha wuya. Duba kwalin dalmarka. Yadin kuma ya zama auduga zalla ko lilin mai saƙa a matse, irin yadin rigar katifa mai ratsi-ratsi shi aka fi so, duk wanda aka gauraya da roba narkewa zai yi ya manne a ciki. In ba ka tabbata ba ka yanki ɗan ƙarami ka kunna masa ashana, auduga toka take zama, roba kuma dunƙulewa take. Sabon yadi a wanke shi sau ɗaya ko biyu sitacin ya fita kafin ya sha mai. Man kuma ya ratsa zaren gaba ɗaya amma ba har yana ɗiga ba.

Abin da nake so ka saba da shi shine tsintar ƙyallayenka bayan harbi. Suna faɗuwa ne kamar yadi goma zuwa sha biyar a gabanka, ka je ka ɗauko ka duba, babu wanda zai gaya maka gaskiyar bindigarka kamar su. Mai kyau za ka ga tsakiyarsa ya yi duhu, gefensa ya ɗan tsefe, amma babu huda, har ka ji kamar ka sake amfani da shi. In ya ƙone ya huje a tsakiya ko ya zama tsumma, toh ko ya yi siriri, ko man ya yi kaɗan, ko albarushin ya yi yawa. In kuwa ka ga ƙananan yanka a zagaye daidai inda tudun tsagi ya taɓa, bakin bututun ne ke da kaifi ko tsagin sabo ne bai goge ba, ko kuma tsatsa ta yi masa kaushi. Ƙyallen da ya yage iska ke bi ta gefensa, harsashi ya tafi inda ya ga dama. Kuma in za ka gwada, abu ɗaya za ka canza a lokaci guda, yau mai, wani zuwan kauri, in ka canza uku tare ba za ka san wanne ya gyara ba. Awon albarushi kuwa kar ka wuce abin da littafin bindigar ya ce, da ma'auni za ka zuba ba kai tsaye daga gora ba, kuma albarushin harsasan zamani marar hayaƙi ko ƙwaya ɗaya kar ya shiga wannan bindigar.

Gogewa tsakanin harbi ma tana da ƙa'ida. Tsumma mai ɗan danshi, ba mai ɗiga ba, ka tura sau ɗaya ka jawo, ka bi da busasshe. In ya jiƙe da yawa taɓo za ka tura gindin bututu ya toshe hanyar wuta, ka ja kunama hula ta fashe bindiga ta yi shiru. In hakan ta faru ka ci gaba da nuna bakinta inda babu kowa na aƙalla minti ɗaya, dan wani lokaci wutar tana cin ta a hankali sai daga baya ta tashi. Hura iska da baki cikin bututu da wasu tsofaffi ke yi dan toka ta yi laushi kuma ka bar shi, ƙungiyar masu irin wannan bindiga ta Amurka, wacce aka kafa a 1933 take taronta a Friendship ta jihar Indiyana, ta hana shi a filinta, dan bai kamata mutum ya saba kai fuskarsa bakin bindiga ba.

Wanki

Ranar da ka yi harbi ranar za ka wanke, ko harbi ɗaya ne, ko ka dawo a gajiye. Nan ne tsatsarka ta samo asali, ka shafa mai a kan gishiri, mai kuwa ba ya narka gishiri, rufe shi kawai yake, shi kuma ya ci gaba da aikinsa a ƙarƙashi har gari ya waye.

Ka fara tabbatar da babu ɗuri ta hanyar alamar sandarka. Yawancin bindigogi irin taka da aka yi a kan samfurin Hawken, wato na 'yan'uwan nan maƙera Jacob da Samuel na birnin St. Louis, bututunsu na fita cikin sauƙi, ka zare sandar ɗuri, ka ɗaga gudumar bindigar da ke buga hula, ka fitar da 'yar sakatar da ke riƙe da shi sai ka ɗago. Ka kwance ɗan nonon da hula ke zama a kai ka jefa shi a kofin ruwa. Ka tsoma gindin bututun a bokiti mai ruwa da ɗigo biyu-uku na sabulun wanke-wanke, ka sa tsumma a kan sanda ka riƙa turawa kana jawowa, za ka ji yana zuƙo ruwa har sama yana fesar da shi ta ƙasa, ruwan zai yi baƙi ƙirin da warin ruɓaɓɓen ƙwai, a waje ko a gareji za ka yi dan iyali ba za su yafe maka warin nan a kicin ba. Ka canza ruwa ka sake da marar sabulu har ya fito fes.

Ana gardama sosai kan ruwan zafi ko na sanyi. Masu tafasasshe suna cewa ƙarfe zai ɗau zafi ya bushe da kansa, kuma gaskiya ne, sai dai a bututu da yawa tafasasshen ruwa yana jawo wata jar tsatsa ta nan take, kafin ka ɗauko busasshen tsumma ta riga ta fito. Ni mai ɗumi nake amfani da shi, gishirin nan ko a ruwan sanyi narkewa yake.

Wurin da mutane suka fi mantawa shine can ƙasan. A bindigogi da yawa akwai wani ɗan ɗaki a gindin bututu wanda ya fi sauran tsukewa, kan sandarka mai kaliba 50 ba ya shiga cikinsa, toka da ruwa suna maƙalewa a nan. Ka nemi ƙaramin buroshi na kaliba 22 ko 30 ka naɗa masa tsumma ka juya a ciki. Babban buroshin tagulla mai cika bututu kuma ka yi hattara da shi, tunda ƙasan a toshe yake gashinsa ba ya samun wurin juyawa, yana iya kafewa ya ƙi fitowa. Bayan ruwa sai busassun tsummoki har su fito babu danshi, sannan ɗaya mai sifirit ko man feshin nan WD-40 ya kori sauran ruwan da ya ɓuya, ka sake busarwa, sai yanzu ne man bindigarka na kanti zai yi aikinsa, ka shafa siriri ciki da waje. Ɗan nonon ka goge da tsohon buroshin haƙori, ka tsokace hudarsa, ka ɗan shafa maiƙo a zaren murɗinsa kafin ka mayar dan kar ya kafe. Cikin bakin guduma da kewayen wurin ma toka na taruwa, ka bi su da tsumma mai danshi sannan mai.

Ka jingine ta baki a ƙasa na kwana ɗaya ko biyu dan mai kar ya taru a gindi ko ya tsiyaya cikin katako. Washegari ka sake tura tsumma mai mai, bayan kwana uku ka ƙara. Ranar da za ka sake harbi kuma sai ka cire man nan tas da sifirit, ka fasa hula biyu ko uku babu albarushi bakin na kallon ƙasa, in ka ga ciyawa ko ganye ya motsa hanyar wuta a buɗe take. In ka yi haka man fetur da toka ba za su taɓa haɗuwa ba. Wani ƙarin kuma, sandar katako da ke jikin bindiga tana ɗaukar yashi tana cin bakin bututu a hankali, dan wanki ka sayi sandar ƙarfe mai 'yar mazurarin da ke tsare bakin.

A lokacin farauta in ka ɗura a bututu mai tsabta ba ka samu harbi ba, ƙyalle mai man kaɗe zai iya kwana a ciki, ka cire hula, amma kar ka shigo da ita daga ƙanƙara zuwa ɗaki mai hita, gumi ƙarfen zai yi ciki da waje ya jiƙa albarushi. Ka kulle ta a wuri mai sanyi inda yara ba sa kaiwa, ka rataya mata alama cewa akwai ɗuri, ka kuma duba abin da dokar jiharku ta ce kan ɗaukarta a mota.

Tsatsar da ta riga ta kama

Ka yi mata wankin ruwan nan tukunna, sannan ka naɗa lallausar sosar ƙarfe mai lamba 0000 a kan ƙaramin kan sanda, ka jiƙa da mai, ka yi ta bi sama da ƙasa, ka goge, ka jefa 'yar ƙaramar tocila ciki ka leƙa. In jan sama-sama ne zai tafi. In ta yi ƙananan ramuka ba za su cike ba, amma bindigar na iya ci gaba da harbi daidai, sai dai za ta fi saurin tara toka, ta kuma fi son ƙyalle mai kauri da mai sosai. Daga nan ba zan iya ce maka ga zurfin da taka ta kai ba tunda ba a hannuna take ba, dan haka in ka ji tsumma na sarƙewa a wuri ɗaya, ko ya yi sako-sako kwatsam a wani wuri wanda alamar kumburi ce, ka kai wa maƙerin bindiga ya duba kafin ka sake ɗura mata komai. Duk bayanin nan kuma na dalma mai ƙyalle ne da baƙin albarushi ko Pyrodex, in wata rana ka koma irin na zamani masu harsashi a cikin kwanson roba da albarushin Blackhorn 209, wancan ba da ruwa ake wanke shi ba, da man wankin bindiga ne.

Adakar kakanka kuwa ta bambanta da taka a abu ɗaya babba, cikinta sumul yake babu tsagi, dan haka ba ta buƙatar ƙyalle ya matse dalma haka, tsumma ko wani abin toshi ake dannawa a kan albarushi da kan harsashi, shi yasa ba ta cika yin gardamar ɗuri irin taka ba. Amma tokar iri ɗaya ce, ko ta maharbi ce ko ta 'yan bindigar sarki da ke buga albarushi zalla a hawan sallah. Abin da ke taimakonsu a gida shine bushewar iska, lokacin hunturu toka ba ta samun laimar da za ta zuƙa, da damina ta sauka kuwa sai ta fara cin ƙarfe daga ciki, ga shi yawancin bututun ƙirar gida ba su da kaurin naka balle su jure. In kana waya da 'yan'uwa da ke riƙe da ita yanzu ka gaya musu su ma ruwa za su fara sa mata ranar da aka buga, su busar sosai, sannan mai ya biyo baya, kuma wadda ta daɗe a rataye a nemi wanda ya san aikin ya duba ta tukunna, dan sau da yawa akan tarar da tsohon ɗuri a cikinta.